Ranar da muka ce Yaya Ilu ya yarda

Shekara bakwai ke nan cif da rasuwar yayana Iliyasu, wanda duk unguwar Nakkasa ta Makka ta sani da Ilu Mai Arabiya. A Funtuwa ya rasu, garin da aka haife mu, a wani ɗaki da bai taɓa kwana ciki ba sai wata huɗu kafin ajalinsa. In mai karatu zai ce ai ya yi dace, ya cika a gida cikin dangi, to ya ɗan dakata. Mutumin nan shekara arba'in da ɗaya ya yi a Makka ba takarda, yana canza lungu in ya hango motar 'yan sanda, yana hawa dutse da buhun shinkafa a ka, duk don buri guda: a yi masa salla a Harami, a binne shi a ƙasar nan inda aka binne matarsa. Mu muka hana shi, ni da 'ya'yansa biyu, kuma cikin ladabi muka yi.

Ni ce autar gidanmu, kuma da Auta yake kirana har na yi furfura. Bayan mijina ya rasu na zo umara, na sauka wajensa, na ƙi komawa kamar yadda shi ma ya ƙi. Ranar da na gaya masa zan zauna ya yi dariya har da buga cinya. Ya ce, “Auta, ni fa ba zama na zo yi Makka ba, mutuwa na zo yi. Ita ce dai take ta jan ƙafa.” Ya faɗi wannan magana a gaban kowa, sau ba adadi, a wajen suna da wajen biki. Babu wani a cikinmu da zai ɗaga Alƙur'ani ya ce bai san abin da yake so ba.

Sana'arsa tura keken marasa ƙarfi a ɗawafi da Safa da Marwa, keken da a nan muke ce wa arabiya. Amma ba ƙafa ce take ciyar da shi ba, murya ce. Yana tura tsohuwa yana jan addu'a tana amsawa, har waɗanda ba su biya shi ko sisi ba sai ka gan su sun biyo bayansa suna amsa tasa. Ya iya cewa “a ba da hanya” da harshe bakwai, ya kuma iya zagi mai laushi da guda uku. In ya dawo gida da la'asar tun yana ƙasan dutse ake jin sallamarsa. Ga tsokana. Ya taɓa ce wa wani maƙwabcinmu mai rowa wai ko ruwan zamzam ne a gidansa sai ya sirka shi don ya yi auki, kuma mutumin ya yi ta ba da labarin da bakinsa har ya mutu.

Yanzu in na je Harami ina ganin ƙananan motocin nan masu batir suna sulalawa da alhazai, tsit, ba mai ja ba mai amsawa. Nakan ce da yana nan me zai ce? Na san zai zagaya motar sau biyu, ya ƙwanƙwasa ta, ya tambaye ta ko ta haddace addu'ar Rukunul Yamani. Zai yi mata ba'a na kwana uku, sannan ya nemi wanda zai koya masa tuƙinta, don bai taɓa raina hanyar abinci ba.

Ciwon ya same shi da hantsi, ana tsakiyar aikin hajji, yana sunkuye yana ɗaura takalmi. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Da yake lokacin alhazai ne, asibiti ta karɓe shi ba dogon bincike, kuma ba ni da abin da zan ce da su sai godiya. Da ya farfaɗo ya buɗe baki, sai wata murya ta fito da ban san ta ba. Kamar mai magana da lomar tuwo mai zafi a baki, rabi ta hanci, ba hawa ba sauka, kuma kafin ya kai kalma huɗu numfashi ya ƙare. Wata likita mai kula da masu matsalar magana ta zaunar da mu ta yi mana bayani dalla-dalla. Ta ce hankalinsa garau yake, kalmominsa duk suna nan a kansa, yana jin komai yana gane komai. Harshe da leɓe da maƙogwaro ne suka yi rauni. Ta ce kada mu yi masa kamar yaro, kuma in ba mu gane ba mu gaya masa ba mu gane ba.

Muka ce to. A ranmu kuwa muka ce baiwar Allah ba ta san Bahaushe ba. A gidanmu ba a cewa babba ya maimaita magana. Tun muna yara, in Baba ya yi magana daga zaure ba ka ji ba, ka ce “to” ka fita ka nemi wanda ya ji. Balle babba yana kwance, yawu na zubo masa, yana kokawa da harshensa a gabanka. Wace zuciya ce za ta dube shi ta ce ban ji ba? Sai muka ɗauki hanyar da muka gada. Ya yi magana, mu ce “haka ne, Yaya.” Ya ƙara, mu ce “Allah ya sawwaƙe.” In ya nace mu miƙa masa ruwa ko mu gyara masa matashi. Mun kira wannan kara, kuma har ga Allah a lokacin mun ɗauka ita ce.

A gadon da ke kusa da nasa akwai wani tsoho ɗan ƙasar Sin, Alhaji Yusufu, daga Gwanzu, garin nan da 'yan kasuwarmu ke zuwa saro kaya. Shi ma ciwon nan ne ya kayar da shi a Mina. Tare da 'yarsa Maryama ya zo hajji, mace siririya mai tabarau, wadda ba za ta wuce shekara arba'in ba. Kullum lokacin ziyara sai ta zo da takarda da biro. Ta nuna masa kalma, ya faɗa. Ta girgiza kai. Ya sake. Ta sake girgiza kai. Wani lokaci sau goma a kan kalma ɗaya, tsoho na gumi, tana cewa a'a ido cikin ido. Ta sa shi yana buga ƙarfen gado da hannunsa mai lafiya, bugu ɗaya gaɓa ɗaya, don ya rage sauri. Abin da ya fi ba ni haushi, sai ta je ta jawo wani alhaji daga ayarinsu wanda bai san uban ba, ta sa ya juya wa gadon baya, ta ce ya faɗi abin da ya ji. Kalmar da ya canka ta yi mata maki, wadda bai canka ba ta zagaye ta a takarda don gobe.

Na ce a raina wannan wace irin 'ya ce, ta mayar da ubanta ɗan aji ɗaya a gaban baƙi. Wata rana muka haɗu a bakin famfo, da guntun Turancina na sakandare da nata muka fahimci juna. Ta ce yarensu Kantonis ake ce masa, kuma a kan hawa da saukar murya yake tafiya, matakai da yawa. Ciwon ya baje muryar babanta ta zama a shimfiɗe, sai kalmomi suka riƙa cuɗewa ko da baƙaƙen sun fita. Na ce mata ai Hausa ma haka take, sai dai matakanmu ba su kai nasu ba. Sai ta yi farat ta ce to yayanki ma yana bukatar abin da nake yi. Ta ce ita 'ya ce, ta san abin da uban zai ce tun kafin ya faɗa, don haka kunnenta yana yi mata ƙarya, shi ya sa take kawo baƙo. Ta ce in ina so ta nuna mini yadda ake tsara takardar, ba wuya.

Na yi mata murmushin da ake yi wa wanda bai san inda aka dosa ba. Na ce, “Mu ba ma yi wa manyanmu haka.”

Ta dube ni ta cikin tabarau ta ce, “To yaya kuke jin abin da yake so?”

Na ce mun san shi. Na ɗauki butata na tafi ina jin kaina a sama.

Washegari ina zaune gefen Yaya, ya daɗe yana kallon tsohon da 'yarsa. Sai ya ɗaga hannunsa na hagu ya buga ƙarfen gado, ɗaya, biyu, yana kallona yana motsa baki. Na kama hannun na mayar da shi ƙarƙashin bargo, na ce, “Yaya, ka huta, kada ka wahalar da kanka.” Bai sake bugawa ba. Sati uku bayan nan aka sallami Alhaji Yusufu, ya tsaya da sanda a ƙofar ɗaki ya yi mana sallama da Larabci, a hankali, gaɓa gaɓa, kuma duk wanda ke ɗakin ya gane ya amsa.

Shekara biyu Yaya ya yi a gida a hannuna. Ba zan yi wa kaina ƙarya ba, na sha wuya. Gidanmu yana can ƙololuwar Nakkasa, matattakala sama da yadda gwiwata za ta ƙirga, kuma in za a kai shi asibiti sai an nemo maza huɗu su sauko da shi a kujera. Ni ke wanka, ni ke juyi, ni ke wankin zanin gado, ga abincin sayarwa da nake yi da safe. 'Ya'yansa, Abdul'aziz da Salwa, a nan aka haife su, sun sami iƙama, wato takardar izinin zama, ta wajen aikinsu suna zaune a unguwar Rusaifa. Suna zuwa ranar Juma'a da leda cike da lemo. Hausarsu ko da uban yana da lafiya ta gaisuwa ce da sayen tsire, sauran duk Larabci. Su sumbaci goshinsa, ya yi ta magana, su ce “ɗayyib, ya Abuya,” wato “to, Baba,” su duba waya. Abokan arabiyarsa suka yi ta zuwa wata biyu, suna hira a kansa kamar ba ya wurin, daga baya ƙafa ta ɗauke. Ajami kaɗan ya iya, da hannun da ya mutu, kuma ba wanda ya taɓa gwada sa masa alƙalami a na hagu. Mutumin da ake jin sallamarsa daga ƙasan dutse ya koma yini guda bai ce uffan ba, mu kuma muna cewa Yaya ya yi haƙuri, ya miƙa wuya ga ƙaddara.

Yau yawancin Nakkasa an baje ta. Inda ɗakinsa yake, in na tsaya daga titi, sai tsagaggen dutse da ƙura. Ni na koma unguwar Hindawiyya, ɗaki ɗaya a bayan wani shagon gyaran taya. Duniya kuma ta cika da na'urorin sauraro. Alhaji ɗan Turkiyya zai yi magana a waya ta juya masa zuwa Larabci nan take, mai shago ya amsa ta mayar masa. Salwa ta taɓa ce mini da a ce wannan ta zo da wuri da ta taimaki Abuya. Na kawar da zancen don kada in ɓata zumunci. Da yana nan zai ce mata wayar da ko Hausar Auta mai lafiyayyen baki ba ta gama ganewa, ita ce za ta ji tasa? Kuma ba na'ura muka rasa ba. Biro da takarda kawai Maryama take riƙe da su.

Maganar tafiya Abdul'aziz ne ya kawo ta. A lokacin ana ta cewa an sassauta wa marasa takarda su fita salin alin, ga kuma raɗe-raɗin rusau. Ya ce in aka rushe gidan ina za a kai mara lafiya ba takarda? Shi gidansa na Rusaifa ƙarami ne, mai gidan haya ba ya wasa da maganar iƙama. A Funtuwa kuwa akwai gidan gado, akwai ɗan babban wanmu da iyalinsa, ƙasa a shimfiɗe ba dutse. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, shi ya sa har yau nake rasa inda zan kama shi.

Muka taru ranar Juma'a bayan la'asar a ɗakin Yaya. Abdul'aziz ya durƙusa ya yi bayani, rabi Larabci rabi Hausa. Da ya gama Yaya ya yunƙura ya gyara zama, abin da ya daɗe bai yi da kansa ba. Ya yi magana mafi tsawo da na ji daga bakinsa tun da ya kwanta. Yana tsayawa ya ja numfashi ya ci gaba, jijiyar wuyansa ta miƙe, yana nuna ƙasa da yatsa. Ya kai minti biyar. Da ya kai ƙarshe sai Abdul'aziz ya juyo gare ni.

“Ya Gwaggo, esh gal? Me ya ce?”

Shekara biyu ina kwana ina tashi da muryar nan. Ko ban so ba kunnena ya saba da ita. Ban ji duka ba, amma na ji “a'a” sau uku, na ji sunan matarsa, na ji “nan.” Bayana yana ciwo a ranar, hannuna duk ya tsage da sabulu. Na sunkuyar da kai na ce, “Ka san maganar tasa sai a hankali.”

Abdul'aziz ya ce, “Halas, ina ganin addu'a yake mana. Abuya ya yarda.”

Salwa ta share hawaye ta ce Allah ya saka masa. Tambaya ɗaya ta isa a ranar: Yaya, in ba ka so, ɗaga hannu. Yaro ɗan shekara biyar zai iya tunaninta. Mu uku manya ba wanda ya yi ta, kuma ba mantuwa ba ce. Yaya ya dube ni, ya daɗe, sannan ya juya fuskarsa bango. Har aka sauko da shi daga dutsen a kujera ranar tafiya bai ƙara yi mini magana ba, ni kuma na ce wa maƙwabta jikin ne.

A Funtuwa ya faɗa hannun Sa'ade, matar ɗan wanmu. Duk dangi sun san Sa'ade da baki. Tana soya ƙosai a ƙofar gida, tana faɗa da masu babur, kuma an sha kai ƙararta wai ba ta da kara ko ta sisin kwabo. Na yi ta fargabar yadda za ta yi da shi. Wata ɗaya da zuwansa ta kira ni tana ihu a waya kamar yadda ta saba.

“Gwaggo, wai ku da kuka ce ba a jin maganar Baba? Ai ana ji! Ni dai in ban ji ba sai in ce Baba ban ji ba, sake. Ya sake, in ce wallahi har yanzu, yi a hankali. Jiya har dariya ya yi, ya ce ƙosaina kamar duwatsun jifan Shaiɗan.”

Na ce ta ba shi wayar. Na ji tana yi masa magana, sai ta dawo ta ce wai ya gaji. Haka aka yi duk kiran da na yi a wata ukun da suka rage. Da Sa'ade yana hira, har labarin alhazai yake ba ta tana kwasar dariya tana ba ni. Ni kuwa kullum ya gaji.

To me ya rage na Ilu Mai Arabiya bayan shekara bakwai? Gidan babu. Arabiyar tasa an sayar wa masu gwangwan. Ba mu da muryarsa ko ta minti ɗaya a waya, ta lafiya ko ta ciwo. Akwai tsofaffi a Hindawiyya da har yanzu in an taru sai wani ya maimaita wata tsokanarsa a yi dariya, suna ta raguwa kowace shekara. Akwai kabari a Funtuwa da ban taɓa gani ba, don in na fita ba ni da hanyar dawowa, kuma ni ma, Allah ya yafe mini, a nan nake so a binne ni. Kullum bayan sallar farilla a Harami ana kiran sallar gawa, in tashi in bi a kan mutanen da ban sani ba, waɗansu jiya jiya suka sauka daga jirgi. Abdul'aziz yana yi wa ubansa sadaka duk azumi, kuma har gobe in maganar ta taso yakan ce alhamdu lillahi da yardarsa ya tafi. Ban taɓa gyara masa ba. Zai ji a nan in wani ya karanta masa.

Ranar sadakar uku Sa'ade ta kira ni, a karo na farko muryarta ƙasa ƙasa. Ta ce akwai saƙon da ya bar mini tun sati biyu kafin ya cika, ta rasa yadda za ta faɗa. Ta ce sai da ta sa ya maimaita sau huɗu don kada ta ɗauki alhakin kowa, kuma duk sau huɗun abu ɗaya ya faɗa. Na ce ta faɗa.

“Ya ce in gaya miki ya yafe wa yaran, Hausarsu ba ta kai ba, ba su ji shi ba. Ya ce amma Auta ta ji.”

Na riƙe wayar ina jira. Na ce, “Sai me ya ce?”

Ta ce, “Shi ke nan, Gwaggo. Na tambaye shi ko da ƙari, ya ce babu.”